Zuwa Ga Marubutan Fina-finan Hausa: Maganar Karin Harshe A Takardar Fim

Assalamu alaikum.

Malamai marubuta, maza da mata, tsofaffin hannu da masu tasowa, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku sannu da haƙuri. Na san yadda sana'arku take. In fim ya yi kyau jarumi ake tafa wa, sai darakta, in an matsa a tuna da mai waƙa. Ranar da fim ya faɗi kuwa, ranar ce kowa ke tuna cewa akwai wanda ya rubuta labari. Saboda haka ba da sanda na zo ba. Magana ce guda ta daɗe tana yi mini ƙaiƙayi, na ga gara in faɗe ta a fili kowa ya ji, da in yi ta gunaguni a gefen takardunku da jan biro.

Ni ba marubucin fim ba ne. Aikina duba rubutu, in raba abin da aka haɗe, in haɗa abin da aka raba, in mayar wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu. Ta haka takardun fim suka riƙa biyowa ta hannuna, har wata rana aka gayyace ni zaman karatu, irin wanda 'yan wasa ke zama kowa da takardarsa a bi labari daga farko zuwa ƙarshe kafin a fita lokeshan. A labarin akwai maigadi, an rubuta a gaban sunansa cewa Basakkwace ne. Aka kuma yi dace, dattijon da aka ba matsayin mutumin can ne, haihuwa da girma. Da aka zo kansa sai ya karanta: "Na san abin da suka yi cikin ɗakin ga." Ya yi shiru. Ya sake karantawa a hankali, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi marubucin ya ce, "Malam, sun ƙare ko suna cikin yi?"

Marubucin ya ce ai a fili take, sun gama, tun daren jiya abin ya faru. Dattijo ya ce to in haka ne "sunka yi" zai ce, don in ya ce "suka yi" da bakin mutanensu, ya ce ke nan har yanzu ana kan yi. Abin da Bakano ke nufi da "suke yi" shi Basakkwace ke faɗa da "suka yi", abin da Bakano ke nufi da "suka yi" kuma shi ne "sunka yi" a can. Ku dubi abin da harafi ɗaya ya so ya yi wa labarin. In maigadi ya gano abin da aka riga aka aikata, shaida ne. In kuwa ya san ana cikin aikatawa yana zaune a bakin ƙofa, da shi aka haɗa baki.

Marubucin nan ba malalaci ba ne, ba kuma raini ya sa shi ba. Abin da mafi yawanmu za mu yi shi ya yi. Ya rubuta jimla da Hausar da ya tashi da ita, sa'an nan ya ɗauko "ɗakin ga" ya maƙala mata a wutsiya don ta yi kama da ta Sakkwato. Wato ya sa wa Bakano hular Basakkwace. Wannan ce cutar da nake gani a kusan duk takardar da aka ce wani zai yi magana da wani kari. Ana ɗaukar kari kamar ado ne da ake yaɓawa a kan "Hausa ta gaskiya", alhali shi kansa cikakken gini ne da harsashinsa da dokokinsa, kuma mai shi yana jin an karya dokar nan take ko da bai taɓa shiga ajin nahawu ba.

Ku ɗauki "hw" ɗin nan da kowa ya fi sani. Na sha ganin layi irin wannan: "Hwaɗa masa ya hwita, ba na son hwitina." Wanda ya rubuta ya ji an ce mutanen yamma ba su faɗin f, sai ya bi duk f ɗin da ya gani ya mayar da ita hw. To ba haka abin yake ba. Hw tana fitowa ne in wasalin a ne ke biye da ita: hwaɗa, hwata, hwari. In i ce ke biye, h zalla ake ji: hita, tahi, hitina. Babu mahaluƙin da ke cewa "hwita" sai a fim. Sa'an nan duk wahalar nan da aka sha a kan f, an bar "masa" da "ya" da "ba na" suna zaune daram da Kanancinsu. Mutumin da ake kwaikwaya cewa zai yi, "Hwaɗa mai shi hita, ba ni son hitina."

Nauyin kari yana cikin ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa. Shina a madadin yana. Munka, kunka, anka. Yaz zo, tat tahi, inda baƙin farkon aikatau ke ninkuwa. Gidanai da matatai a inda Bakano zai ce gidansa da matarsa. Na da ta a gurbin ne da ce. Wanga da wagga. Rigas sarki. Ya aika ma sarki. Allah shi kiyaye. Wanda ya riƙe waɗannan, ko bai taɓa f ko ɗaya ba, mai karatu zai ji Sakkwato a kunnensa. Wanda ya sake su kuwa, ko ya cika shafi da hw, abin da zai fito a allo Bakano ne mai ciwon haƙori.

Haka sauran kare-karen. Zazzaganci da Bausanci an san su da rashin damuwa da bambancin namiji da mace a nahawu, shi ya sa za ka ji "motan shi ne" a inda Bakano zai ce "motarsa ce". Tsari ne, kuma a kan layi ɗaya yake tafiya. In ka sa Bazazzagi ya ce "rigan" a fitowa ta 3, ka sa shi ya ce "rigar" a ta 9 ba da wani dalili ba, ka ƙirƙiri mutumin da babu shi. A ƙetaren iyaka kuma, mutumin Damagaram ko Maraɗi ko Tawa kalmomin aronsa daga Faransanci suka fi zuwa. Buro yake zuwa aiki, yaronsa lakwal yake tafiya, malamin yaron mushe ne, wanda ya tsare shi a hanya jandarma ne. Na taɓa karanta inda aka sa ɗan Nijar, a cikin Nijar, yana rantsuwa sai ya kai ƙara wajen difi'o.

Bari in ɗan koma baya, don akwai wani zato da ke kwance a ƙarƙashin duk wannan, wato wai akwai Hausa ta asali guda, sauran karkacewa suka yi daga gare ta. Daidaitacciyar Hausa da muke rubutu da ita mutane ne suka shirya ta a kan tebur, kuma ana iya bin sawunta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930 Hukumar Talifi da ke Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta ci gaba da gyara, a lokacin ne haruffa masu lanƙwasa suka shigo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Hukumar Hausa a 1955, aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. A cikin wannan tafiya aka jingina ma'aunin da Kananci, don amfanin makaranta da jarida da rediyo. Abu ne mai kyau, ni ma da shi nake neman halaliyata. Amma ba don ya fi sauran tsufa aka zaɓe shi ba. A wurare da dama ma karin yamma ne ya riƙe tsohuwar siffa. Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana tun ƙarshen shekarun 1920 yadda wasu baƙaƙen Hausa ke narkewa su koma u a ƙarshen gaɓa. Ba sai an je Jamus ba. Muna cewa zama da m, to daga ina u ta fito a zauna? Mai cewa zamna shi ne bai canza ba. Haka Abdu da Audu, kowa ya san b ce a Abdullahi. In an fito da mai cewa zamna da sabka a matsayin wanda bai iya Hausa ba, tarihin aka kifa.

Kuma Kanancin ma kari ne. Wannan ce ba a son ji. Bakano a gidansu ba ya magana irin ta mai karanta labarai a rediyo. Gurin yake cewa, siya, bacci, sabida, ya ce mun, tai shiru. Amma a takardunku sai in tarar da miji da mata suna faɗa, ran kowa ya ɓaci, ana dab da saki, jimlolinsu kuwa a goge kamar za a kai su jarrabawa: "Ban ji daɗin abin da kika aikata ba, kuma ina so ki ba ni cikakken bayani." Wane miji ne ya taɓa faɗin haka jijiyar wuya a tashe? 'Yan wasa masu basira su ke ceton irin wannan layi, su yar da shi a gaban kyamara su faɗi nasu. In kun lura, ma'anar hakan ita ce ba ku kuka rubuta maganar fim ɗin ba. Manyan labari an ba su Hausar da ba ta kowa ba, ƙanana an ba su kari na jabu.

To yaya za a sa kari a takarda? A nan mun fi wasu sa'a. Masu rubutu da Ingilishi suna fama, don rubutunsu ya yi nisa da furucinsu, in sun ce za su zana lafazin wani yanki sai kalma ta koma abin da ba ya karantuwa. George Bernard Shaw ya gwada a wasansa Pygmalion, wanda aka fara nunawa a 1913. Ya rubuta maganar farko ta yarinya mai sayar da furanni yadda talakawan Landan ke furtawa, bai yi nisa ba ya saduda, ya rubuta a cikin wasan cewa ya haƙura domin ba za a gane ba a wajen Landan. Mu kuwa bokonmu yana bin baki sosai. Tahi, zamna, ɗiya, biyat, yaz zo, duk ana rubuta su a karanta ba tuntuɓe. Don haka ban yarda da masu cewa a rubuta komai da daidaitacciya a bar wa ɗan wasa sauran ba. In ka san karin, rubuta shi.

Sai dai bokon yana da iyaka, kuma iyakar a daidai inda kari ya fi daɗi take. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. Hawa da saukar muryar da ke sa ka gane Bakatsine tun daga bayan katanga, babu harafin da ke ɗaukar ta. Akwai ma sautin da ba mu da harafinsa, kamar abin da ts ke komawa a bakin mutanen yamma in ta haɗu da i ko e, wanda wasu ke rubutawa tc. Wasu marubuta in sun zo nan sai su shiga zane: "Toooo, Allaaah shiii..." da alamar motsin rai huɗu a jere. Wannan bai gaya wa ɗan wasa komai ba, gudun ido kawai ya rage masa. Takardar fim kayan aiki ce. Furodusa zai karanta ta a gaggauce, darakta zai auna ta da ƙiyasin nan na shafi ɗaya minti ɗaya, ɗan wasa zai haddace ta a tsaye ana gyara fitila. Kalmar da ta sa shi ya tsaya yana sassaƙa ta, ta ci lokacin mutum ashirin. Abin da harafi zai iya ɗauka ku ɗora masa. Waƙar maganar kuwa ku faɗe ta sau ɗaya a inda mutumin ya fara fitowa, ku ce daga ina yake, shekara nawa ya yi a inda yake yanzu, sa'an nan a nemo bakin da ya iya.

Ku kuma yi hattara da inda gajerun siffofi ke karo da juna. Nai a bakin Bakano "na yi" ce, a bakin Basakkwace "nasa" ce. Tai ma haka, ko "ta yi" ko "tasa". Kai kuwa ba a magana: ga na kai da ni, ga na bisa wuya, ga na kai saƙo, ga kuma "ka yi" da aka dunƙule. Inda za a ruɗe, a rubuta "ka yi" a cike, baki zai dunƙule ta da kansa.

Sai Hausar wanda ba harshen uwarsa ba ce, inda abin ya fi muni. A nan ƙa'idar da ake bi ita ce a lalata komai: a cire lanƙwasa, a juya namiji da mace, a ɗora ihu. Sunan da muka ba irin wannan magana ma, gwaranci, na wata al'umma muka ara, abin da ya isa ya sa mu sunkuyar da kai. Alhali kuskuren mai koyo ba a warwatse yake ba, harshensa na farko ne ke leƙowa ta ƙarƙashi. Yarbanci da harshen Ibo ba su raba "shi" da "ita", shi ya sa mai jin su kan ce wa mace kai, ko ya ce "matata ya zo". Yarbanci ba shi da z, sai ta koma s. A Fulatanci z kan koma j, kuma ba shi da ƙ, amma yana da ɓ da ɗ nasa lafiyayyu. Duk da haka na ga an rubuta Bafulatani yana cewa "barawo" da "daki", wato an ƙwace masa sautin da ya iya tun yana goye. Tsohon sojan da ya koyi Hausa a bariki yana da tasa, Barikanci. Hausar zangunan Gana kuwa 'ya'ya ne suka tashi da ita, ba koyo suke ba. Kowace da hanyarta, ba a zuba su a buhu ɗaya. Kuma mai koyo yana ci gaba. Wanda ya shekara 30 a cikin Hausawa ba zai yi magana kamar wanda ya sauka daga mota jiya ba. Sau da yawa ma ya fi ɗan gari karin magana, abu ɗaya ko biyu ne kawai suka ƙi barin harshensa. Ɗaya ko biyun nan su za ku nemo.

Yanzu ga tambayar da na fi so ku kwana da ita. Ku ɗauko takardu goma na ƙarshe da kuka rubuta, ku duba su wa kuka ba kari. Ina kyautata zaton za ku tarar da maigadi, da ɗan aike, da boka, da baƙauyen da ya shigo birni yana ƙirga benaye. Likita fa? Alƙali fa? Yarinyar da ake so fa? Su duk Hausar littafi. Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba, fina-finan Masar sun daɗe suna mayar da mutumin Sa'id, wato kudancin ƙasar, abin dariya ta hanyar lafazinsa, na Alƙahira kuma ya zama na wayayyu. Amma laifin wani ba ya wanke namu. Tun 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, kasuwar ta wuce Kano nesa ba kusa ba. Ana kallonku a Gusau da Birnin Kabi da Maraɗi da Agadas da Kumasi da Garwa. Yaron da ke zaune gaban allo a ɗaya daga cikin wuraren nan, in duk lokacin da ya ji muryar gidansu a fim sai dariya ta biyo baya, darasi yake ɗauka, kuma zai tafi da shi makaranta ya fara ɓoye bakinsa. Karin da ake wa dariyar kuwa da shi makaɗan fada na Gobir da Zamfara da Kabi suka yi wa sarakuna waƙa. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 da suka fito daga Sakkwato, har da na Nana Asma'u, cike suke da munka da anka. Harshen da ya ɗauki sarauta da tauhidi da ta'aziyya zai iya ɗaukar layin likita mai gaya wa uwa cewa ɗanta ya cika.

Ban ce a daina barkwanci ba. Amma a riƙa gwadawa: a ɗauki layin ban dariyar a mayar da shi daidaitacciyar Hausa. In har yanzu yana ba da dariya, marubuci ya yi aiki. In ya mutu, to mutanen wani yanki kawai aka nuna da yatsa.

Abin da ya fi ba ni takaici ma asarar da kuke yi ce, don kari zai yi muku abin da shafi biyu na bayani ba za su yi ba. Mutum ba baki ɗaya gare shi ba. Yana da na ofis, yana da na gida, yana da wanda ke fitowa in hankali ya tashi. Ku dubi wannan:

CIKI. OFIS. RANA.

HAJIYA, shugabar ma'aikata, tana tsaye tana sa hannu a takarda. AKAWU na jira.

HAJIYA
Ka ajiye min sauran a kan tebur, in na dawo daga taro zan duba.

Wayarta ta yi ƙara. Ta dubi sunan, ta juya baya.

HAJIYA
Inna? Yaushe anka kai shi asibiti? Mi likita yac ce? Ki zamna wurinai, ga ni nan tahe.

Ta kashe waya. Ta juyo. Akawu ya sunkuyar da kai.

HAJIYA
A soke taron.

Ba wanda ya gaya mana daga ina take, ko shekara nawa ta yi tana daidaita bakinta a wurin aiki, ko matsayin wanda ke kwance a zuciyarta. Mun ji duka. Akawun ma ya ji, kuma kallon da zai yi mata gobe daban ne. Ko an fassara fim ɗin a rubutun ƙasan allo, inda kowane kari ke mutuwa, juya bayan da ta yi da sauyin muryarta za su tsira.

Saura aikin hannu. Fim ba a jere ake ɗaukarsa ba, fitowa ta 40 kan riga ta 2, wani lokaci da makonni a tsakani. A shiri mai dogon zango kuma marubuta kan yi karɓa-karɓa. Nan kari ke zubewa, mutum ya fara zango na farko da shina ya ƙare na uku da yana, ba tare da labari ya ce ya sauya ba. Mai kula da ci gaban shiri yana rubuta launin hula da hannun da aka riƙe jaka, amma ba a ba shi abin da zai auna magana da shi ba. Ku ba shi. Shafi ɗaya ya isa ga kowane mai kari: ga yadda yake faɗin kaza, ga abin da ba zai taɓa faɗa ba, ga wanda yake sakin baki a gabansa, ga wanda yake ɗaurewa in ya gani. Haka za a yi wa Ingausar 'yan jami'a, wato cakuɗa Hausa da Turanci, wadda ita ma tana da hanyarta, don aikatau na Turanci ba ya shigowa tsirara sai an jingina shi da yi, "zan yi kolin ɗinka". Sara kuwa a bi ta a hankali, tana tsufa kafin a gama tace fim. Mai in'ina da mashayi da tsohon da haƙora suka zube, a faɗa sau ɗaya a bayaninsu, kada a cika layinsu da "za-za-za-zan". Ɗan wasa ya fi ku sanin inda harshe zai sarƙe.

Rashin sanin wani kari ba abin kunya ba ne, ba wanda ya san su duka. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna yankin da kalmomi da yawa suka fito. Sassan da ke koyar da Hausa a jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni ta Yamai suna da malamai da ɗaliban da nazarin kari ne aikinsu. Mafi sauƙi kuma, a tura wa mai karin layukan ta WhatsApp. Kada a ce ya gyara rubutu, a ce ya faɗe su da murya yadda zai faɗa wa ƙaninsa. Abin da ya dawo da shi shi za a rubuta. Sau da yawa zai juya tsarin jimlar, ya yar da rabin kalmomin, kuma nasa zai fi.

Haka dattijon nan maigadi ya yi mana a ranar. Bayan an gyara "sunka", ya nemi biro, ya bi layukansa ɗaya bayan ɗaya ana jiransa, ya soke nan ya ƙara can. A wani wuri ya soke layi uku ya sa "To, Allah shi kyauta." Marubucin ya ɗaure fuska da farko, daga baya ya jawo kujera kusa da shi. Da fim ya fito na zauna har ƙarshen jerin sunaye. Na ga mai kwalliya, na ga direbobi, na ga ni kaina a matsayin mai duba rubutu. Dattijon yana cikin 'yan wasa, can ƙasa, a gaban "Maigadi". Babu inda aka nuna ya taɓa rubutun, ba a kuma ƙara masa komai a kan aikin ba. Roƙona ga ƙungiyoyinku shi ne a buɗe wannan gurbi a jerin sunaye da cikin kasafin fim, mai duba karin harshe, a kuma riƙa kiransa tun takarda tana hannunku.

Wassalam.

Naku,
Mai duba muku rubutu.